Turmin da Umma ke dafawa

Duk layinmu a Unguwar Sarki an ɗauka don rage ƙiba na sa matan gidanmu a gaba. Har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar bikin wa ake shiri. Ba biki, ba ƙiba. Gwiwar Umma ce. Ta kai in ta yi sujada sai an miƙa mata hannu kafin ta tashi, likita kuma ya ce ko ta riƙa motsa jiki ko ta koma sallah a kan kujera. Ga azumi ya matso. Umma ta ce ita a sahu za ta yi tarawihi, goshinta a ƙasa.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na buɗe waya na samo wani atisaye da ake kira bafi: ki tsuguna, ki dafa ƙasa, ki harba ƙafafu baya, ki dawo da su, ki miƙe da tsalle. Na ce ai sauka da tashi ne, abin da muke nema ke nan. Mai koyarwar siririya ce kamar tsinken tsire, ko haki ba ta yi.

Da safe na jera su a tsakar gida: Umma, Gwaggo ƙanwar Baba wadda Allah ya hore wa jiki gaba da baya, sai matar yayana, doguwar da take sunkuyawa kafin ta shiga kicin. Na ce kowa ta yi yadda na yi.

Matar yayana ta yi tsalle ta sauko da igiyar shanya a wuya da wandon mijinta a ka. Gwaggo ta yi tsalle guda, kaji suka watse, ta dafe ƙirji da hannu biyu ta ce ita ta sauka amma sauran jikinta bai sauko ba tukuna. Umma kuwa ta kai ƙasa ta zauna abinta.

"Umma, ki tashi mana."

"Ki kira ta cikin wayar ta tashe ni."

Na yi fushi na shige ɗaki. Da na huce sai na leƙo ta taga, na ga Umma ta ja jiki zuwa turmin da ke kife a gindin bango, ta dafa shi, ta miƙe ba wanda ya taɓa ta.

Washegari na raba wa kowa nata. Gwaggo ba tsalle, bango take dafawa, ta ja ƙafa baya ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarasa da ɗage. Ta ce ko wannan ɗin don darajar Umma take yi. Matar yayana na kore ta zuwa bakin rijiya, inda babu abin da kanta zai tsinko. Umma turmi ne nata: ta dafa, ta taka baya a hankali, ta dawo, ta miƙe tana yi min faɗa kan tuwon da na bari ya kama.

Haka muka yi ta yi kullum. Jiya da la'asar na zauna kusa da dardumarta ina jiran a nemi hannuna. Raka'ar farko ta tashi da kanta. Daga baya gwiwar ta gaji, sai da na kama ta. Da ta sallame ta harare ni, wai in daina zuba mata ido kamar mai jiran gawa.

Turmin ya yi mata tsawo yanzu, tashi da shi ya zame mata wasa. Gobe zan ɗauke shi in ajiye mata bulo, ta yi faɗanta ta gama.