Inna Baturiya da tukunyar da ta riƙe mana aji

Kullum in hantsi ya fito, wanda ya bi ta lungunmu a Talata Mafara zai ji ƙarar injin murza taliya daga gidan Inna Baturiya. Tun bayan asuba ta riga ta kwaɓa fulawa, ta rufe ta da tsumma mai lema. Hannun dama yana juya inji, na hagu yana tarbar taliya tana zubowa, sai ta rataya a igiya kamar wanki. In ka gaishe ta za ta amsa gaisuwa har ƙarshenta, ta tambayi gida da yara da gajiya, amma hannun ba ya tsayawa. Shekara talatin da 'yan kai tana haka. Watan jiya ciwon kafaɗa ya sa ta miƙa injin ga matar ɗanta, shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ta yi mana tun tana ji da kunnenta.

Mutuniyar Maradun ce. Mahaifinta, Malam Rilwanu, kuku ne. Ya yi wa Turawan Italiya girki lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori. A wurinsa ta ga yadda ake dafa taliya da miyarta a tukunya ɗaya, ba a tace ta, ba a wanke ta da ruwan sanyi yadda muka saba. Ta riƙe abin a cikin gidanta shekara da shekaru, ba ta ɗauka wani ilimi ba ne.

Shekara shida da suka wuce aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan aure a unguwarmu, ranar Litinin da Laraba, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba. Mu talatin da huɗu muka fara, har da ni, ina da shekara arba'in da uku. Kafin wata uku muka koma sha ɗaya. Malama Taiba, wadda ke koya mana, ta faɗa mana gaskiya: in ƙarshen wata ya yi ba mu kai sha biyar ba, za a rufe ajin.

Ba karatun ne ya kori mata ba, tuwon dare ne. A lungunmu maza ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a jera a tabarmar ƙofar gidan Malam Balarabe, dattijon unguwa, a ci tare. Wanda kwanonsa ya makara, kowa ya gani. Matar da ta taso daga aji rana na faɗuwa kuwa, yaushe za ta yi talge, ta yi ruɗe, ta tuƙa, ta kaɗa miya?

Inna Baturiya ta ji wannan kuka a bakin masu zuwa sayen taliya. Ranar wata Lahadi sai ta aika aka kira mu biyar daga cikin 'yan ajin. Ta ɗora tukunya, ta soya albasa da tafarnuwa a man gyaɗa, ta zuba tumatir da tarugu, da 'yar daddawa, da busasshen kifi. Ta zuba ruwa kaɗan, da ya tafasa ta kakkarya taliya a ciki, ruwan bai wuce kanta ba. Ba ta rufe ba. Ta riƙa ɗaga ta da ludayi a hankali, da ruwan ya tsotse ta watsa ganyen doddoya ta sauke. Hirar da muka fara ba mu kai ƙarshenta ba, abinci ya yi.

Washegari na gwada, na kuwa yi abin da hannuna ya saba. Na ga ruwan ya yi mini kaɗan, na ƙara. Na rufe tukunya. Da na buɗe, sai na ɗauko muciya na tuƙa, don ni a sanina abin da za a kai wa maza sai an tuƙa shi. Abin da ya fito ba taliya ba ne, ba kuma tuwo ba. Haka aka kai shi tabarma.

Maigidana ba mai faɗa ba ne. Ya dawo ya ajiye kwanon yadda aka kai shi, ya ce Malam Balarabe ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Mas'udu, wanga da hannu aka cin shi, ko yaɓe za mu yi ma gina?" Aka yi ta dariya. Sai maigidana ya ce mini, "Kyauta, karatun ga ya isa haka nan." Na san in na daina, mata biyu da ke biyo ni su ma sun daina.

Da safe sai ga Inna Baturiya. Ta leƙa tukunya, ta dube ni.

"Ke 'yan nan, tuƙa ta kinka yi?"

Na ce i.

"Da muciya?" Ta yi dariya har da share ƙwalla. "Mi taliya tai miki kinka kama ta da kokawa?"

Sannan ta wuce zaure ta gaishe da maigidana, gaisuwa mai tsawo, ta ce, "Malam Mas'udu, laihina ne, ni ban tsaya kanta ba. Ka ara min ita Laraba guda. In kwanonka ya sake dawowa da abinci, ni da kaina za ni ce mata ta zauna gida." Kunyar girmanta ta sa ya ce to.

Ranar Laraba na taso daga aji na tarar da ita zaune bakin murhuna, ta ɗauke muciyar ta zauna a kanta. Ba ta taɓa tukunya ba. Ni na yi komai, ita sai dai ta ce, "Ya isa haka," ko "Bar ta, kak ki dame ta." Ashe kuma ta riga ta bi sauran gidaje huɗu ta shirya da su. A daren kwano biyar aka buɗe a tabarma, duka taliya, babu wanda za a ware a yi wa dariya. Maigidana ya ce Malam Balarabe ya ci nan ya ci can, ya suɗe hannu, ya ce, "To, tunda kun haɗa baki da matanku, ku miƙo wancan in ji ko ya hi wanga."

Daga nan ta shiga bin gidajen waɗanda suka daina zuwa, ɗaya bayan ɗaya, bayan ta wuni tana murji. Ba ta yi wa kowa wa'azin ilimi ba. Ta zauna bakin murhu, ta gyara hannu, ta tashi. Ƙarshen wata muka kai sha tara. Ajin yana nan har yau, kuma cikin matan da suka fito daga shi akwai mai karanta wa mahaifiyarta takardar magani, akwai wadda ke koyarwa a wani aji irinsa a Ruwan Gizo.

Inna, ke ce uwar ajin nan, ko da yake sunanki ba ya cikin kowace takarda. Ke ce kika gane ba allo ne ya gagare mu ba, murhu ne, kika je kika tare matsalar a inda take. Mai haƙuri da hannun da bai iya ba, mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar kafaɗa, Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan Malam Rilwanu.

Ku kuma masu karatu, kowa yana da ɗan abin da ya iya wanda ya raina. Ku duba maƙwabta, wataƙila shi ne abin da ya tsaye musu. Kada ku tsaya faɗa daga nesa, ku shiga gidan ku zauna har hannu ya faɗa.

Litinin da ta wuce Malama Taiba ta ga sabuwar ɗaliba a layin gaba, da littafi da fensir sabbi fil. Ta ce, "Inna, lahiya?" Inna Baturiya ta ce, "Na gama da fulawa. Ku matsa min, in ga abin da kuka zuwa yi nan shekara shida."