Takalmin Fasto

Mai gyaran takalma bai san sunan dattijon ba, farar kwalar wuyansa ce ta nuna fasto ne. Ga shi zaune a benci, ƙafa ɗaya ba takalmi, furfura fari fat, Littafi Mai Tsarki a cinyarsa duk ya sha hannu.

Mai gyaran yana jujjuya takalmin. Dunduniya ta cinye, aikin tafiya ke nan, gida-gida. Amma bakin ma ya goge, kuma wannan sai mai yawan durƙuso a gaban Ubangiji.

"Baba, takalmin nan hutu yake roƙo."

"Sai mun huta tare, ɗana," in ji faston yana dariya.

Wayarsa ta yi ƙara. Dariyar ta ɗauke.

"Jikin ya yi tsanani? Ni yake kira? Ku ce masa ga ni nan."

Ya miƙe ya nufi asibiti da takalmi ɗaya, ko waiwaye babu.

Mai gyaran ya bi shi a guje, ya tuɓe silifas ɗinsa, ya durƙusa ya ajiye a gabansa.

"Sa ka yi sauri, Baba. Ni aikina na zaune ne."