Agogon Inna

Ƙarfe huɗu na yamma abin ya fara lalacewa, ranar da shugabar zumuntar mata ta majami'armu ta shigo gidanmu sayen man gyaɗa. Ladanin masallacin bayan gidanmu ya kira la'asar. Inna ta ajiye muciya, ta goge hannu a zane, ta rufe ido. Ina ƙarƙashin rumfa ina bitar jarrabawar bak ta kammala sakandare, ina kallon yadda fuskar baƙuwar take canzawa.

Lokacin kaka ne. Gyaɗa na zuwa daga Tirmini buhu-buhu, Inna na suya, tana matsar mai, tana murza ƙuliƙuli, ga ƙanena a goye. Sai ta yi mako ba ta buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Shi ne ta samo dabara: duk kiran salla, sai ta tsaya. Da asuba ta gode wa Ubangiji, da azahar ta ambaci sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. La'asar kuwa shiru kawai take yi a gabansa, ɗan lokacin da shayi zai huce.

"Maman yara, yaushe kika koma bin ladan?" in ji shugabar.

"Agogona ne."

"To, ki sayi na kanti mana."

"Na kanti ba ya kirana da ƙarfi haka," in ji Inna, ta ɗauki muciyarta.

Kafin Lahadi maganar ta zaga. Aka aiko mata: ko ta daina, ko ta ajiye zanen zumunta, zanen da take ninkewa ƙarƙashin matashi tun kafin a haife ni. Ba ta daina ba. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, sai na fara rufe littafina ina tsayawa tare da ita.

Ran Lahadi ta ɗaura zanen nan, ta zauna a layin gaba. Da aka tashi daga sujada ta nufi matar tsohon fastonmu, wadda ta koya wa yawancin matan karatu, ta durƙusa.

"Mama, faɗa mini a gaban kowa. Laifi na yi?"

Tsohuwar ta dubi shugabar, ta dubi Inna.

"'Yata, zakaran da ya yi cara har almajirin nan da ya yi musun Ubangijinsa ya tuna da shi, wa ya yi masa baftisma? Tashi, gyara ɗaurin zanenki."