Tokar da Na Zuba wa Lemun Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da idanun mahaifina suka fara dushewa, ya bar mini kulawar lambunsa da ke bayan garinmu, a hanyar Zurmi. Itatuwan lemun zaƙi goma sha huɗu ne, duk masu aure, kuma shi ya dasa su da hannunsa. Ni kuwa a lokacin ina aikin rediyo, har ina gabatar da shirin manoma duk mako. Wannan kaɗai ya sa na ɗauka na san noma.

Mahaifina yana da tsarinsa. Duk bayan kaka wani amininsa Bafillace yakan sauke shanunsa a gonar da ke jikin lambun. Sai ya tattara kashin shanun ya zuba a rami ya rufe, ba ya taɓa shi sai damina guda ta wuce a kansa. Idan ya ruɓe ya yi baƙi, sai ya kewaye kowace bishiya da shi, nesa da gindi, daidai inda inuwarta ta tsaya. Ya ce a nan ƙananan saiwoyi suke ci.

Da daji ya lalace saboda rashin tsaro, Bafillacen ya kwashe shanunsa ya bar yankin. Ramin taki ya zauna wayam. A shekara ta biyu sai na ga sabbin ganyen lemun suna fitowa ruwan ɗorawa, jijiyoyinsu kawai ke kore. Ban tambayi kowa ba, na yanke cewa yunwa ce. Na kuma tuna na taɓa karantawa a shirina cewa toka tana gyara ƙasa. Abin da takardar da na karanta ta ce shi ne, tana gyara ƙasa mai tsami. Ni na karanta jimlar gaba ɗaya da muryata, amma rabinta na riƙe.

Na je wani gidan burodi a Kaura na kwaso toka buhu-buhu, na jibge ta a gindin kowace bishiya. Mahaifiyata ta tsaya tana kallona, ta ce, “Wagga toka ba ta yi yawa ba? Ko miya aka cika ma kanwa haka, ai ta ɓaci.”

Na ce, “Inna, wannan ilimi ne.”

Ta ce, “To, Allah shi ba da sa'a.”

Ganyen suka ƙara yin fari. Fure ya fito ya zube. Da na ga haka, sai na ƙara tokar.

Daga ƙarshe na kira wani abokina malamin gona daga Shinkafi. Ya durƙusa ya tona gindin bishiya ɗaya, ya ɗebo ƙasar a tafinsa, ya matsa mata lemun tsami. Nan take ta fara kumfa. Ya bayyana mini cewa ƙasar wurin dama mai kanwa ce, ruɓaɓɓen takin mahaifina ne yake sassauta ta. Abincin yana nan a cikinta, amma toka ta hana saiwa ɗauka.

Ya ce, “Malam, ka ɗaure musu baki, ka aje tuwo gabansu. Kuma kai ne kake koya mana noma ranar Laraba.”

Muka yi dariya, ni dai tawa ba ta kai ciki ba. Muka kankare tokar, muka nemo taki, muka yi ta ban ruwa. Tara suka bushe.

Mahaifina bai sani ba, domin ya daina fita, ni kuma na roƙi mahaifiyata ta yi shiru. Amma yana da al'ada, lemun farko da ya nuna a lambun shi ake kawo wa. Da lokacin ya zo ya fara tambaya. Na je kasuwar Kaura na zaɓo mafi kyau a cikin wanda motoci ke kawowa daga kudu, na sa masa a hannu.

Ya ɓare shi da babban yatsa, ya shinshina ɓawon, ya ci ɓari ɗaya. Ya daɗe yana taunawa.

“Wanga ba namu ba ne,” in ji shi.

Sai ya jefo mini tambaya.

“Nawa suka saura?”

“Biyar, Baba.”

“Na bakin rijiya hwa?”

Shi ne na farko da ya dasa. Na ce, “Ya bushe, Baba. Ku yi haƙuri, ni na zuba musu toka.”

Bai yi faɗa ba. Ya lalubo hannuna ya mayar mini da sauran lemun, ya ce, “Da ka tambaye ni. Idanuna suka tahi, ba kaina ba.” Ya juya ya kwanta.

Ya rasu kafin damina ta sauka, Allah ya jiƙansa. Biyar ɗin da suka rage sun ɗauki shekara uku kafin su farfaɗo.

Na koyi cewa ganye mai ruwan ɗorawa ba kullum yunwa yake nufi ba, kuma kafin a ba bishiya abinci sai an san ƙasar da take tsaye a kai. Wannan kowane malamin gona zai gaya maka. Abin da har yau yake damuna shi ne, mutumin da ya fi kowa sanin wannan ƙasa yana zaune a zaure tsawon shekara biyu, ina wuce shi da buhun toka ina gaishe shi.

Yanzu duk shekara lemun farko mahaifiyata nake kai wa. Takan karɓa ta shinshina, ta ce, “Wanga namu ne.” Sai ta ajiye shi a bakin taga. Ban taɓa ganin ta ci ba.