Farantin da Ilu Ya Zana da Tawadar Allo

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Ilu makwancinsa a Hunkuyi. Taubashina ne, ɗan kawuna, kuma mai gyaran rediyo na farko da na sani a ƙasarmu. Ni direban babbar mota ne. Na ga Ikko, na ga Fatakwal, na sha ruwan Yamai, amma ban ga mai taurin kai irinsa ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba muryar Kawu ta fara dushewa. Shekara da shekaru shi ke tafsirin azumi bayan la'asar a ƙofar gida, sai ga na baya suna cewa ba sa ji. Har aka fara raɗe-raɗin a ɗauko wani malami daga Zariya. Kawu kuwa tuwo ya rage ci. Ilu ya ce shi zai haɗa masa na'urar ƙara murya da hannunsa.

Ya sa na sayo masa faranti mai fuskar jan ƙarfe a Ikko, da wani ruwa mai cin ƙarfe. Faranti biyu kacal na samu. Aikin dai shi ne ka zana hanyoyin da wuta za ta bi, ka tsoma a ruwan, ya cinye duk inda babu zane, hanyoyin su rage.

To, Ilu ɗan gidan malamai ne. Ya feƙe alƙalamin kara, ya jawo tawadar allo, ya yi bisimilla ya zana. Wallahi kamar zayyana. Ya tsoma. Kafin mu gama ɓare gyaɗa faranti ya fito fes, ba zane, ba jan ƙarfe.

Na ce, "Malam Bature, tawadar da aka yi don a wanke a sha, ita ka tura yaƙi da ruwa?"

Ya ce, "Kai dai tuƙi ka iya. Rufe mini baki, saura ɗaya."

Saura ɗaya, azumi kuma saura kwana tara. Fentin da nake rubuta wa motata kirari da shi ya ƙwace. Kwana uku yana zane yana riƙe numfashi, ya huda ramukan wayoyi da tsinken keke. Wannan karon da ya tsoma hanyoyin suka tsaya, ya haɗa na'urar. Ranar farko ta azumi Kawu ya yi gyaran murya, kaji suka watse. Na'urar na kuka tana shaƙewa, amma har masu ɗiban ruwa a rijiya sun ji. Azumi huɗu Kawu ya ƙara yi a kan buzunsa.

Yanzu gwiwoyina sun gaji da hanya. In na bi ta Makarfi ko Ikara, lasifika ko'ina, kowa na ƙara murya, mai saurare ne ya yi ƙaranci. Rediyo ta yi tari, a jefar a sayi wata. Zamani riga ne, na sani, amma wannan ta matse ni. Da Ilu na nan, ina jin bola zai riƙa bi yana tsintar su, yana yi mana tsaki.

Na'urar Ilu ta daɗe da mutuwa, ban ma san inda ta ƙare ba. Amma da Kawu ya rasu, a gafakarsa muka tarar da farantin farko, wanda ya lalace ɗin. Ashe da shi yake sa alamar inda ya tsaya a karatu. Ilu ya juya baya ya daɗe yana kallon bango, ni ma ran nan ban tsokane shi ba.

Farantin yana wurina yanzu. Babu ko ɗigo a kansa, amma duk shekara sai na ɗauko na karanta. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.