Lodin Baba a Hanyar Lyon

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana jan tirela tsakanin Funtua da Legas kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yayyena suka taru suka karɓe makulli, har na ƙaramar motar gida, ya shekara huɗu bai taɓa sitiyari ba. Da na samu hali na kawo shi Paris aka yi masa aiki. Ido ya buɗe tarwai, amma mutumin bai dawo ba. Kullum yana zaune bakin taga a gidana na La Courneuve, hawa na tara, yana kallon motoci a ƙasa. In na ce, "Baba, yaya jiki?" sai ya ce, "Alhamdulillahi," shi ke nan. Mutumin da a da in ya fara labarin hanya sai tuwo ya huce! Abin ya dame ni ƙwarai. Ba abin da nake so irin in ga ya sake ɗaukar kansa a matsayin mai amfani.

Ana haka ƙanwata ta haihu a Rillieux-la-Pape, can arewacin Lyon. Mijinta, mutumin Maraɗi, ya bugo waya ya ce an yi maganar rago da wani makiyayi a kan tsaunuka, makiyayin ne zai kai mayanka, mu dai nama za mu gani. Baba ya ɗago kai.

"Ragon sunan jikana, a yanka ban ga haƙoransa ba? Ba da ni ba."

Wallahi daɗi ya kama ni, don rabon da in ji ya yi gardama har na manta. Na je wajen wata abokiyar aikina Bafaransa na ari motarsu mai ɗaki, wadda suke kira camping-car: gado, kicin, bayan gida, duk a ciki, ga wani rumbu a can baya. Ni da ƙaramar mota kawai na saba ja, sai ga ni da gida guda.

Muka sauka Château Rouge, kasuwar 'yan Afirka a Paris, muka yi sayayyar suna kamar za mu ciyar da unguwa. Shinkafa buhu uku, jarkokin manja da man gyaɗa, doya, busasshen kifi, atamfofin mai jego, ga manyan tukwane biyu na aro. Da aka zo lodi sai Baba ya naɗe hannun riga ya ce kowa ya matsa. Ya tura komai can ƙarshen rumbun baya, ya ɗaure tamau, ya sa na cika tankin ruwa, wanda shi ma a baya yake.

"Nauyi a kan ƙafar baya yake zama," in ji shi. "Ita ke tura mota. Wanda bai san wannan ba bai san lodi ba."

Ni kuwa me na sani? Na ce to.

Muka kama hanya da safe, ana gobe suna. A babban titi lafiya lau, sai dai duk tirelar da ta wuce mu iskarta sai ta kaɗa mu kamar kwale-kwale. Baba yana gefena, ƙafarsa tana taka birkin da babu. Bayan azahar na'urar nuna hanya ta ce mu sauka daga babban titi, muka shiga ƙauyuka. Titi ya dinga tsukewa, rassan itatuwa suna kartar rufi, ni ina ta salati saboda motar mutane. Daga nan kwalta ta ƙare. Ramin farko da na faɗa, duk ƙofofin kabad suka buɗe, cokula da kofuna suka zubo, butar Baba ta gangaro har ƙarƙashin ƙafata.

"Ba a shiga rami da ƙafa biyu," ya ce a hankali. "Ɗaya bayan ɗaya."

Gonar makiyayin tana can saman tudu, hanyar kuwa laka ce da tsakuwa, an kwana ana ruwa. Muka hau rabi sai mota ta tsaya tana kuka. Na taka, ta yi ihu, ba ta motsa ba. Na sake takawa, sai ma ta fara zamewa gefe wajen kwata. Na ja birkin hannu, na ce, "Na shiga uku!"

Makiyayin ya gangaro da takalman roba, wani dattijo ja mai ƙaton gashin baki. Ya zagaya motar, ya buɗe rumbun baya, ya yi fito. Ya ce mini da Faransanci irin wannan mota da ƙafafun gaba take ja, kuma wanda ya yi lodin nan ya ɗage mata gaba sama, tayoyin ba su da abin kamawa. Ya ƙara da tambayar wane gwani ne ya yi wannan aiki.

Yau ne fa kawai mutumin nan ya fara dawowa, in ce masa lodinsa ne ya kafe mu?

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce ruwan da aka yi ne, Baba. Kowa ma nan yake kafewa."

Ya dube ni, irin kallon da yake yi mini ina yarinya in na ce ba ni na sha madarar ba. Ya buɗe ƙofa ya sauka cikin laka da farar shaddarsa, ya tsuguna gefen mota.

"Taka," ya ce.

Na taka. Tayoyin gaba suka juya suka watsa masa laka har hula, na baya ko motsi. Ya daɗe a tsugune. Ni dai na riƙe sitiyari ina addu'a a zuci, kada Allah Ya sa ya koma cikin shirun nan nasa.

Sai na ji wani sauti, na leƙa. Dariya yake yi! Ya dafa gwiwa yana dariya har da tari.

"La ilaha! Da hannu take tafiya! Ke, motar nan da hannu take tafiya, ni kuma na ɗaure mata duwatsu a ƙugu. Shekara talatin ina lodi, yau na zo ƙasar mutane na yi abin kunya." Ya nuna ni da yatsa. "Ke kuma da ƙaryarki. Mutum ya yi magana mai tsawon nan, ki ce wai ruwa?"

Nan take ya zama shugaban aiki. Ba ya jin Faransanci, makiyayi ba ya jin Hausa, amma cikin minti biyu sun fahimci juna da hannu, ni mai digiri na koma 'yar dako. Muka kwashe buhunan muka jera su a bayan kujerun gaba, jarkoki a ƙarƙashin tebur. Ya sa aka buɗe tankin ruwa ya tsiyaye. Ya rage wa tayoyin gaba iska kaɗan, yana latsawa da babban yatsa, ya sa makiyayi ya kawo rassa aka shimfiɗa. Sannan ya goge hannu a rigarsa da ta riga ta lalace, ya tsaya bakin ƙofar direba. Ya dai tsaya.

Na tuna yayyena da abin da za su ce. Na dubi hanyar, gonar mutum ce, ba kowa sai tumaki. Na sauka na bar masa kujera.

Ya gyara madubi, ya yi bismillah, ya bar ta ta koma baya kaɗan zuwa inda ƙasa ta fi tauri. Ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci sannu sannu kamar mai sauke jariri. Ko kuka motar ba ta yi ba. Ta kama, ta fara hawa, yana kauce wa ramuka yana yi mata magana: "Yauwa, 'yar albarka. Haka. Kada ki ba ni kunya gaban Bature." Ni da makiyayi muna biye da gudu cikin laka, ina ihu ina tafi kamar wadda aka yi wa bushara, ɗankwalina a hannu.

A saman tudu ya duba raguna biyar, ya buɗe bakin kowanne, ya ƙi wanda aka ware mana ya zaɓi wani. Makiyayin ya sara masa, ya kawo mana kofi da cuku, suka zauna suna hira kowa da harshensa.

Da muka tashi tafiya na nufi ɗaya ƙofar, don na ɗauka shi zai sauke mu. Sai ya miƙo mini makulli.

"Na yi nawa," ya ce. "Ido ya gani, hannu bai manta ba, ya ishe ni. Sauran hanya taki ce."

Na zauna, na kama sitiyari, hawaye suka ƙi tsayawa. Ya ja bel ya ɗaura, ya gyara hularsa mai laka.

"Direba, share idonki, gangara ce a gabanmu. Sa giya ta ɗaya, kada ki dogara da birki."