Ranar Da Na Riƙe Wa Alhaji Eriya A Bayan Masanawa

Ni direba ne, karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, saboda haka ku karɓi zancen yadda ya zo. Amma wallahi abin nan ya faru da ni, ido biyu, rana tsaka, kuma na kai shekarun da ƙarya ba za ta ƙara mini komai ba.

Wajen shekara goma ke nan, lokacin ina tuƙa wani dattijo a Gwarzo, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, kowa Alhaji Injiniya yake ce masa. Shi ba ya zaman majalisa, abin da ya sa a gaba shi ne hira da mutanen wasu ƙasashe ta rediyon oba-oba, da lasisinsa a aljihu, kuma ba ta layin waya ba, ta wani ɗan tauraron ɗan'adam da yake giftawa ta samanmu, minti goma ya ɓace. Sai mu fita bayan gari inda ba gini, yau hanyar Getso, gobe wajen Kabo, ni in riƙe eriya, wani ƙarfe kamar ƙayar kifi, in ɗaga ta sama ina bin abin da ba na gani, ina juyawa a hankali har ƙarar ta washe. Masu wucewa wasu su ce zinare muke nema, wasu su ce tsufa ne ya taɓa shi. Ni kaina da farko wahalar banza na ɗauke ta.

Rediyon biyu ne, kowanne da wayarsa da ake ɗaurawa a jikin eriya. Ɗaya yana rataye a wuyana, shi yake kawo magana, ɗaya yana hannun Alhaji, shi yake aikawa. Idan ya danna ya yi magana, kuma maganar ta kai tauraron, sai mu ji muryarsa ta dawo ta na wuyana. In ba ka ji kanka ba, to ba wanda ya ji ka. Ni kuma al'adata, in za mu shiga hanya mai gargada sai in kwance wayoyin in naɗe su a aljihu, don kada kawunansu su lalace.

A cikin abokan hirarsa akwai Malam Adamu, Bahaushen Sudan, bai taɓa taka ƙasar nan ba, Hausarsa irin ta tsofaffi ce gauraye da Larabci. Kakansa ya tashi daga wani ƙauye a bayan Masanawa da ƙafa zai tafi aikin hajji, ya ce wa mahaifiyarsa shekara biyu zai dawo, ya maƙale a can, ya yi aure, ya mutu yana kukan ya bar uwa da fushinsa. Abu ɗaya Malam Adamu ya roƙi Alhaji: ya je ya tsaya a kangon gidan nan, ya kira shi daga can, ya ji muryar mutum ta taso daga ƙasar kakansa.

Alhaji ya ce to, ya yi ta sai wani satin, har ciwon maƙogwaro ya kama shi, murya ta dishe. Likita ya sa ranar Litinin za a yi masa aiki a Kano, ya kuma faɗa masa ƙila muryar ba za ta dawo ba. Ranar Asabar da hantsi ya ce in fito da mota, sun sa lokaci da Malam Adamu.

Matarsa Hajiya ta tare ƙofa. "Alhaji, mutumin da kunu ma da ƙyar yake haɗiya?"

Ya ce, "Alƙawari na ɗauka, Hajiya. In an yanke muryar, da me zan cika?"

Ni ma a hanya na ce masa, Baba, me zai hana mu je can ka buga masa waya kawai? Ya harare ni, ya ce ta nan suka san juna, ta nan zai cika, ni dai in duba gabana.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mota tsayi, hanya duk kwari, sau biyu muna ɓata. Da ƙyar muka sami wani tsoho a bakin gonarsa wanda ya san kangon, ya kai mu, ashe gonar wake ce yanzu, sai wata tsamiya a gefe. To kun san gaisuwar tsofaffi. Ina gajiya, ina iyali, yaya damina, ku mutanen ina ne, wane ne mahaifinka a Gwarzo. Ina ganin Alhaji yana satar kallon agogo, amma ba zai katse dattijon da ya girme shi ba, yana amsawa da ɗan abin da ya rage masa na murya. Kafin a gama saura minti biyu tauraron ya ɓullo.

Na shimfiɗa masa tabarma jikin mota, na miƙa masa nasa rediyon, na rataya nawa a gaggauce. Ya ce, "Kada ka waiwayo ni. Ka bi shi har ya faɗi." Na ba shi baya, na ɗaga eriya wajen arewa.

Ƙara ta yi ta yi, can ta washe, sai ga Malam Adamu yana kiran haruffa da lambobin da suke kiran juna da su, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Shiru daga bayana. Na ce a raina shi ke nan, gaisuwa ta cinye muryar. Sai na ji Alhaji ta rediyon wuyana, tangaram, irin muryarsa ta kafin ciwo.

"Malam Adamu, salamu alaikum. Ga ni a gidanku."

"Wa alaikumus salam. Injiniya, da gaske? Me kake gani?"

"Wake aka shuka a tsakar gidan. Akwai tsamiya, ta tsufa amma tana 'ya'ya."

Malam Adamu ya yi ta hamdala, yana cewa ƙara gaya mini, ƙara gaya mini. Ni kuma kafaɗata ta gaji, amma daɗi ya cika ni, ina juya eriya wajen gabas. Sai muryar ta ce:

"Kuma tsohuwa ba ta riƙe shi ba. Tun daminar farko ta yafe masa. Kullum in ta kwashe tuwo sai ta ajiye nasa, ba don fushi ba, don kada ya iso da yunwa."

Ban taɓa jin namiji babba yana kuka ta rediyo ba sai ranar. Yana kuka yana addu'a har tauraron ya yi ƙasa, ƙara ta rufe shi.

Na sauke hannu, na juyo ina dariya zan ce Baba ashe da sauranka. Na same shi jingine da taya, hawaye har gemu, rediyon yana kan cinyarsa, kuma inda waya take shiga a kansa fayau, ba komai. Na sa hannu a aljihu. Ga ta nan a naɗe yadda na naɗe ta a Gwarzo. Ta wuyana kawai na ɗaura. Ko da ya danna, maganar ba za ta wuce gonar waken ba.

Na durƙusa, sai da na kai kunnena bakinsa na ji shi. Ya ce ya ga babu wayar, ya buɗe baki ya kira ni ko iska ba ta fita ba, ya ɗaga hannu zai bugi mota sai ya ji muryarsa tana sallama ta rediyon wuyana.

Na ce, "To Baba, wa ya yi maganar?"

Ya ce, "Wake da tsamiya, su na yi niyyar faɗa. Zancen tsohuwar ban san shi ba."

Tsohon nan mai gona yana tsaye duk ya ji hirar, bai san abin da muke ciki ba. Ya gyara fartanyarsa a kafaɗa ya ce, "Ashe har Gwarzo an san labarin tuwon nan. Mu ma haka muka ji a bakin iyayenmu. Allah ya ji ƙan ta." Ya yi mana sai an jima.

A hanyar dawowa na ce ya yafe mini mantuwar. Ya dafa kafaɗata kawai, bai ɗauke hannun ba har muka shiga gari.

An yi aikin, murya ba ta dawo ba, wata bakwai ya ƙara a duniya yana magana da biro da takarda. A cikin watannin kati ya zo daga Sudan, don su al'adarsu in sun yi hira sai kowa ya aika wa ɗan'uwansa katin shaida da sa hannu. Alhaji ya kwana uku da nasa katin a gabansa. Daga ƙarshe ya rubuta mini, na haɗa baƙin da ƙyar: ba zai iya sa hannu a kan maganar da ba shi ya yi ba, ba kuma zai iya ƙwace wa bawan Allah abin da ya samu ba. Sai ya aike ni in koma in tsinko 'ya'yan tsamiyar, su ya aika masa, ba rubutu.

Ni kaɗai na je. Ba kowa a gonar, ko iska babu, amma na kasa shiga sai da na yi sallama, kuma na tsaya na ɗan jira kamar yadda ake yi a ƙofar gidan mutane. Ban ji an amsa ba. Jikina ne dai ya ba ni an ji.

Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani, ɗaya ya ce in bar wa Allah saninsa, na ɗauki ta biyun. Abin da zan ce muku kawai, in kun yi wa wani alƙawari ku cika tun bakinku yana iya motsi, ba kowa ake cika wa ba. In kuma akwai tsohuwar da take jiranku a wani ƙauye, ku je wannan satin.